Gwanin da Ke Bin Sawun Zafi a Cikin Waya

"Wayata tana zafi." Da wannan gajeriyar magana mutane ke tsayawa gaban teburin mai gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko a layin Beirut, ko a wata 'yar rumfa a bakin tasha. Maganar ɗaya ce a bakin kowa, amma abubuwan da ke haddasa ta suna da yawa, kuma kowanne da maganinsa. Fasasshen gilashi ko yaro ya san abin da za a yi masa. Zafi kuwa ba ya faɗin inda ya fito. Yana tashi daga wuri ɗaya, ya bi ƙarfe da gilashi ya game jikin wayar, har mai ita ya rantse ko'ina zafi take. A wurin wannan aikin ne nake ganin ake rabe gwani da mai canje-canjen kaya.

Mai canje-canjen kaya da jin kalmar zafi zai ce batir ne. In an sa sabo ba ta daina ba, ya ce sai an yi mata fulashin. In hakan ma bai yi ba, ya ɗaga kafaɗa ya ce injin ya tafi. Gwani kuwa ba ya ɗaukar sukundireba da wuri. Tambaya yake fara yi.

"Hajiya, yaushe take zafin? In tana caji, ko in kina waya, ko ko tana ajiye ba a taɓa ta ba?"

"Wallahi Malam, ko a cikin jaka take sai in ji ta ɗau ɗumi. Kafin azahar cajin ya ƙare."

"Ta taɓa faɗawa ruwa? Ko ta faɗi ƙasa? Cajar da kike sa mata, tata ce ta asali?"

Kowace amsa tana rufe wata ƙofa ta bar wata a buɗe. Wayar da ke zafi sai in an jona ta, bincikenta zai koma kan caja da igiyar caji da bakin caji da batir. Wadda ke zafi lokacin kira ko buɗe data, za a fara zargin ɓangaren da ke magana da turken sabis. Wadda ke ɗumi tana kwance a jaka tana kuma shanye caji, ita ce mai wahalar, domin ko dai wata manhaja ce ta hana ta barci, ko kuma wuta ce ke zurarewa a wani wuri cikin injin.

Abu na farko da gwani ya riƙe shi ne, ba kowane zafi ne lalacewa ba. Duk wutar da batir ya fitar, kusan gaba ɗayanta zafi take komawa a ƙarshe. Kwamfuta tana da fanka, waya ba ta da ita, sai 'yan ƙalilan da aka ƙera don masu wasanni. Jikinta ne kaɗai hanyar da take fitar da zafinta zuwa iska, kuma hakan na yiwuwa ne kawai in iskar ta fi ta sanyi. Kamfanin Apple ya rubuta cewa an tsara iPhone ta yi aiki a yanayin da ke tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyos, sauran kamfanoni ma kusan nan suke. To a Kano, watan Afrilu, rana tana haura digiri 40 ba tare da kowa ya yi mamaki ba, balle Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai. Ashe tun kafin a kunna ta, wayar da ke aljihun ɗan kasuwa a tsakiyar bazara ta riga ta fita daga iyakar da aka gina ta a kai. Ƙara mata rigar roba mai kauri, a ɗora ta gaban gilashin mota, a jona caji ana kallon bidiyo. Irin wannan wayar lafiyarta ƙalau. Mai gyara na kirki zai cire mata riga, ya ajiye ta a inuwa minti goma, ya miƙa wa mai ita ya ce a daina caji ana dannawa. Bai karɓi ko sisi ba, kuma ya yi aikin daidai.

Zai kuma ja kunne kada a sa ta a firji. Wayar da ta fito daga sanyi zuwa iska mai ɗumi raɓa take tarawa a ciki, inda ba mai iya gogewa, sai a gudu daga ƙaramar matsala a faɗa babba.

In zafin ya wuce na yanayi, sai a koma ga hannu. Gwani yana kunna wayar, ya ɗora bayan yatsunsa a kanta, ya bi ta a hankali daga sama zuwa ƙasa, yana neman inda ɗumin ke fara tashi kafin ya bazu. Ya san shimfiɗar cikinta ba tare da ya buɗe ba. A yawancin wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung da suka cika kasuwanninmu, babban allon injin yana sama kusa da kyamara, batir ya mamaye tsakiya, ƙaramin allon caji yana ƙasa. Zafi a sama, furosesa ne ko maƙwabtansa. Zafi shimfiɗe a tsakiya, batir. Zafi a gindi wajen bakin caji, can za a duba. Daƙiƙu kaɗan ne ke gare shi kafin zafin ya game ko'ina, shi ya sa yake son a kawo masa wayar a huce.

Manhaja ba ta ɗaukar lokaci. Yana shiga wurin da wayar ke nuna abin da ya fi cin batir, ya ga ko akwai wata da ke ta aiki a ɓoye, ya kunna ta a yanayin da ba ta tayar da komai sai manhajojinta na asali. In ta huce, an kama mai laifi, galibi wata manhajar da aka turo daga wayar aboki, ko waɗannan masu alkawarin wai za su sanyaya waya alhali su ma aiki suke ƙara mata. Wani lokaci laifin daga kamfani ne. A 2023, da iPhone 15 Pro ta fito, mutane suka yi ta kukan zafi, Apple ya amsa cewa akwai kuskure a manhajarsa, ya kuma fitar da gyara a iOS 17.0.3 cikin watan Oktoba. Wanda ya buɗe irin wannan wayar yana neman abin canzawa, ɓarna kawai zai yi.

Akwai kuma zafin rashin sabis, wanda mutanen karkara da mazauna cikin lunguna suka fi sani. In turke ya yi nisa, ko bango ya tare, waya tana ƙara ƙarfin abin da take aikawa don a ji ta, ɓangaren da ke wannan aikin kuwa yana cikin masu cin wuta sosai. Mai gyara yana gwadawa da sauƙi: ya sa ta a yanayin jirgin sama, ya jira. In ta huce, ya riga ya san unguwar da matsalar take.

Caji shi ne inda ƙasarmu ta fi cutar da waya. Wutar gari ta zo ta ɗauke, janareta ya ɗaga ya sauke, wayar ta kwana a rumfar masu caji cikin tarin 'yan uwanta, kowace tana hura wa ta kusa da ita zafi. Ga cajar jabu mai arha wadda ba ta tace wutar da take bayarwa. Ga igiya mai siririyar waya a ciki. Ƙa'idar da ke nan ƙarama ce amma ba ta da sassauci: in wutar da ke bi ta wuri ta ninka biyu, zafin da take haifarwa a wurin ninkawa huɗu yake yi. Tsohuwar caja wat 5 take bayarwa. Ta yau tana ba da 18, ko 33, ko fiye. Saboda haka ɗan dattin da bai dami tsohuwar waya ba, a sabuwa yana iya ƙona bakin caji. Bayan hunturu, ƙura da zaren aljihu sukan cushe ramin, kan igiyar ya kasa zama daidai, wutar ta matse ta ɗan wurin da ya taɓa. Mai gyara yana da 'yar na'ura da yake sawa tsakanin caja da waya ta nuna masa abin da ke wucewa. Ya gwada da cajarsa, ya gwada da ta mai wayar, ya leƙa ramin da madubi, ya share shi da buroshi da sifirit. Sau da yawa a nan zancen ke ƙarewa.

Batir kuwa ba abin wasa ba ne, kuma ina girmama duk mai gyaran da ke tsoronsa. Batirin litiyam-ayon, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, wanda kuma aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel saboda shi a 2019, falle-falle ne aka naɗe ko aka jera, da wata 'yar fata wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba tana raba ɓangarorin biyu. In fatar nan ta huje, ɓangarorin suka haɗu, zafi ya tashi, zafin ya haifar da ƙarin zafi, har wuta ta kama. Abin da ya faru da Galaxy Note 7 ke nan. Samsung ya fitar da ita a watan Agusta na 2016, a farkon Satumba ya nemi a dawo da kusan miliyan 2.5, ya ba da wasu a madadinsu, su ma suka kama da wuta, a watan Oktoba ya daina ƙera ta gaba ɗaya, Amurka kuma ta hana shiga jirgi da ita. Da kamfanin ya bayyana sakamakon bincikensa a Janairun 2017, sai ga shi a batiran farko kusurwa ce ta matse ta lanƙwasa falle, a na biyu kuma ɗan tsinin walda ne ya huda fatar. Kuskuren da ido da ƙyar zai gani ya kashe waya sukutum. Wanda ya san wannan ba zai sa tsinin ƙarfe ya ɓanɓaro batirin da aka manne da gam ba. Zai cire haɗinsa tukuna, ya ɗiga sifirit a ƙarƙashi don gam ɗin ya saki, ya ɗaga shi da faffaɗar roba ba tare da ya lanƙwasa shi ba. In ya ga ya kumbura har ya ture murfi, ba ya huda shi ya fitar da iskar ya mayar, kamar yadda wasu ke yi don mai waya ya ji daɗin arha. Wannan ganganci ne da ran mutane, domin wayar ƙarƙashin matashin kai za ta kwana.

To, a ce an duba duk waɗannan, manhaja lafiya, caja lafiya, batir lafiya, wayar kuma tana nan tana zafi. A nan ne ainihin aikin yake, kuma a nan nake son mai karatu ya ɗan tsaya.

Mai gyara yana cire batir, ya jona allon injin da wata na'ura da ke kan teburinsa, wadda suke kira fawa saflai. Aikinta ta maye gurbin batir, ta ba da wuta kimanin bolt 4, ta kuma nuna a fuskarta yawan abin da wayar ke ja. Kafin a danna maɓallin kunnawa, lafiyayyar waya ba ta jan komai, mita tana kan sifiri. In an danna, lambobin su hau mataki-mataki, su yi sama su yi ƙasa yayin da sassan injin ke farkawa ɗaya bayan ɗaya, sannan su sauko in fuskar ta mutu. Gwani ya kalli wannan hawa da sauka sau da yawa har ya haddace ta. In tun kafin ya taɓa maɓalli mita ta yi tsalle na'urar ta yi ƙara ta yanke, ya san akwai cikakken shot a babban layi. In kuwa ta tsaya tana jan ɗan abu kaɗan ba ta koma sifiri ba, yoyo ne, irin wanda ke ɗumama wayar Hajiya a cikin jaka. In ta hau ta maƙale a lamba ɗaya, matsalar tana gaba, a wani layin da ba ya samun wuta sai an kunna.

Mene ne shot? Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya san shi. Ruwa na bin magudana zuwa kowane fage, sai kunya ta fashe a wuri ɗaya, ruwan duka ya karkata can, gaba ta bushe, wurin fashewar ya zaizaye. Haka wuta take yi in ta sami gajeriyar hanya zuwa layin ƙasa. Matsalar ita ce, a kan layi guda akwai ƙananan kafasita da yawa a jere, kuma in ɗaya ta fashe, mita za ta yi ƙara a kan dukkansu, domin duk a haɗe suke. Wasu tsawonsu milimita 0.6 ne, faɗinsu 0.3. Akwai ma waɗanda ba su kai haka ba. A ido duk iri ɗaya ne, mai laifin ba ta canza kama. Ta yaya za a fitar da ita?

Amsar da masu sana'ar suka samo tana burge ni ƙwarai: zafin da ake kuka da shi, shi za a sa ya nuna wurin. Akwai wani irin ƙaro da ake samu daga itacen fayin, rozin, wanda masu haɗa dalma suka daɗe suna aiki da shi. Mai gyara yana narka shi a bakin ƙarfen zafi, ya bar hayaƙin ya sauka kan allon har ya lulluɓe shi da farin ƙasa-ƙasa. Sai ya sauke fawa saflai zuwa wajen bolt 1, don kada ya ƙona abin da ke da lafiya, ya tura wutar kai tsaye cikin layin da ya lalace. Wutar ba ta da inda za ta sai wurin fashewar. Cikin daƙiƙa biyu ko uku, a duk faɗin farin nan, ɗigo ɗaya tak zai narke ya yi sheƙi. Ita ce. Wasu sifirit suke zubawa su ga inda ya fara bushewa. Wasu feshin sanyi suke yi su ga inda ƙanƙara ta fara narkewa. Masu hali yanzu sun sayi kyamarar da ke ganin zafi, ta nuna wurin ja a fuskar kwamfuta. Amma na'urar ba ta raba mutum da tunani, domin wani lokaci abin da ya yi zafi ba shi ne ya lalace ba, hanya ce kawai wutar ta bi ta kansa zuwa ga mai laifin. Wanda bai iya karanta taswirar injin ba zai cire lafiyayyen aisi, wato ɗaya daga cikin ƙananan ƙwaƙwalen da ke kan allon, ya bar ruɓaɓɓiyar kafasita a gefensa.

Cirewar ma aiki ce. Dalmar da kamfanoni ke amfani da ita yanzu ba ta narkewa sai wajen digiri 217, don haka bulowa tana hura iskar da ta haura 300. A nesa da bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba akwai wasu sassan da in suka motsa an shiga uku, a bayan allon kuma wataƙila furosesa ne zaune a kan ɗaruruwan ƙwallayen dalma. Sai ya rufe maƙwabta da tef mai jure zafi, ya shafa man da ke sa dalma ta gudana, ya sa ido a madubin ƙara girma, bulowa a hannu ɗaya, matsefata a ɗayan. Ba ya fizga. Yana jira har sai abin ya saki da kansa, sannan ya ɗauke. Ya mayar da allon kan fawa saflai. In mita ta kwanta a sifiri, an gama da wannan. In aisin wuta ne ko na caji ya mutu, aikin ya fi haka tsawo: a ɗaga shi, a share gurbin, a jera sababbin ƙwallaye ta cikin faranti mai huji, a zaunar da sabo daidai kusurwarsa.

Da damina irin wannan aikin ke yawaita. Ruwan sama ko gumi ya shiga, wayar ta ci gaba da aiki kamar ba komai, sai bayan sati biyu ta fara ɗumi, saboda tsatsa mai launin kore ta tsiro tsakanin ƙafafu biyu ta haɗa su. Binne ta cikin shinkafa ba ya cire wannan. Wanke allon ne ke cirewa.

Akwai wani ƙaramin abu da nake duba mai gyara da shi, wato yadda yake rufe waya. A ciki akwai baƙin falle mai laushi na girafait, da murafun ƙarfe, da wani ɗan man toka-toka a kan furosesa, a manyan wayoyi har da faranti na tagulla mai ɗan ruwa a ciki. Duk aikinsu ɗaya ne, su kwashe zafi daga wuri guda su shimfiɗa shi. Mai gaggawa yana yage su ya yar, ya bar sukurori biyu a kan tebur, wayar ta tashi, ya karɓi kuɗinsa. Bayan kwana uku ta dawo da zafin da ba ta zo da shi ba. Gwani yana mayar da kowanne mazauninsa, in man ya bushe ya sa sabo.

Kuma ya san inda iyawarsa ta tsaya. In shot ɗin a cikin furosesa yake, ko allon ya ƙone har cikin faifansa, zai faɗa wa mai ita gaskiya: kuɗin gyaran ya kusa kuɗin wata wayar, abin da ya fi shi ne a yi ƙoƙarin tayar da ita sau ɗaya a kwashe hotuna da lambobi. Haka in ƙirar wayar ce mai zafi tun daga masana'anta, kamar waɗanda aka yi da furosesan Snapdragon 810 a 2015, ba ya yi wa kowa alkawarin abin da ba zai yiwu ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke biyan wannan aiki. Mun saba biyan kaya, ba mu saba biyan sani ba. In aka sa mana sabon batir, ga tsohon a hannu, sai mu biya ba gardama. In mutum ya shafe awa biyu a kan madubi ya ciro abin da da ƙyar za a gan shi a tafin hannu, sai mu ce, "Haba Injiniya, ɗan wannan ne za ka ce dubu kaza?" Da irin wannan ciniki muke koya wa yaran da ke zaune a gefen maigidansu cewa canza kaya ya fi bincike riba. Alhali tun da wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, yawancin waɗannan mutane ba a aji suka koyi aikin ba. A gefen teburin wani suka fara, suna share bakin caji, suna lalata matattun alluna don hannu ya faɗa, suna kallon bidiyon masu gyara na Sin da Indiya da harshen da ba su ji, suna bin taswirar da aka rubuta da Turanci. Ilimin lantarki ne na gaske, ko da babu takardar shaida a bango.

Gwani ba ya miƙa waya da zarar ta kunnu. Yana haɗa ta, ya jona caji ya bar ta kamar rabin awa yana duban abin da take ja. Ya cire, ya buga kira, ya buɗe data, ya kunna kyamara, kowane lokaci yana ɗora bayan yatsunsa a wurin da ya yi aiki. Sannan ya kashe fuskar ya ajiye ta gefe, ya duba kason cajin, ya ci gaba da wani aikin, ya dawo ya ga ko ya ragu. Sai ya gamsu yake kiran mai ita.

"Hajiya, ga ta nan. Ki bar waccan cajar, ki nemi ta asali. In kin ji ɗumi cikin satin nan, kada ki jona ta, ki dawo mini da ita tare da cajar da igiyar duka."